Zan kai iyali Erin Ijesha, mu kwana ko mu juyo?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yara sun yi hutu, sun kafa mini ƙahon zuƙa sai na kai su inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. An ce mini Erin Ijesha a jihar Osun. Mu shida ne, har da Hajiyarmu da ta zo daga Funtua, gwiwa na damunta. Za ta iya hawan wurin? Kuma daga Agege nan Legas a je a dawo rana ɗaya zai yiwu?

Ɗan Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Hawa bakwai ne, kada ku sauko sai kun ƙure na bakwai. Can sama har ƙauye akwai, Abake.

Maman Ummi: Ana maganar tsohuwa mai ciwon gwiwa, kai kana hawa bakwai.

Mai Tumatir Mile 12: Alhaji, ni ka tambaya. Bara da damina mu goma sha huɗu muka ɗauki shatar bas, muka biya direba kuɗinsa cif tun a tasha, kuskuren farko ke nan. Mun tashi bayan asuba, go-sulo ya riƙe mu a Berger, muka bi Ibadan, Ife, Ilesa, ba mu isa ba sai azahar. Ruwan kam ba ƙarya, sanyi kamar daga firij, tun daga nesa feshinsa ke jiƙa maka riga. Amma duwatsun duk gansakuka ne. Ƙanena da silifas ya hau, santsi ya kwashe shi, ga targaɗe ga waya ta tsage. Muka tallabo shi muka sauko, babu bas babu dalilinta. Ashe direba ya samu fasinjan Akure. Yanzu zan zo, yanzu zan zo, har isha'i. A barandar wani masallaci muka kwana da jiƙaƙƙun kaya.

Ɗan Idi-Araba: Allah ya kyauta. Amma shiga ba tsada, 500 na biya.

Maman Ummi: Mu 2,000 kowane babba, ban da na ɗan rakiya.

Mai Tumatir Mile 12: Wace shekara ka je da ake 500?

Ɗan Idi-Araba: 2019.

Mai Tumatir Mile 12: To ka yi shiru malam, labarinka ya kwana.

Ɗan Idi-Araba: Dutsen ya canza wuri ne? Sau uku na je, kai sau ɗaya, shi ma direba ya yi maka wayo.

Mai Shayi Obalende: Baban Khalifa, kawo su ƙarƙashin gada ranar da aka yi ruwan sama. Kyauta ne, Hajiya kuma ga benci.

Baffa Alaba Rago: Ku da kuke da Gurara a Neja da Matsirga a Kafanchan, me ya kai ku? Ka bari sai za ku gida da Sallah.

Maman Ummi: Baffa, gida da wane kuɗin? Tunda aka cire tallafin mai a 2023 sau ɗaya na kai yara Kano. Kujera biyar zan biya, buhun garin kwaki ma sai an yi masa kuɗinsa daban.

Baban Khalifa: Na gode, amma har yanzu ban ji batun gwiwar Hajiya ba.

Mai Tumatir Mile 12: Ai Maman Ummi gara ke. Ki tambayi nawa ake sauke mana kwando ɗaya daga Kadawa yanzu.