Tsofaffin wasannin 'yan sandan ciki na Birtaniya: inganci muke kewa ko ƙuruciyarmu?

Baban Khalifa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi karatu a Ingila tsakanin 1988 da 1991, kuma a can ne na saba da Inspector Morse, wasan da tashar ITV ta fara nunawa a 1987, inda marigayi John Thaw yake fitowa a matsayin babban sufeton bincike a birnin Oxford, Kevin Whately kuma yake fitowa a matsayin Saje Lewis. Kowane kashi yana cin kusan awa biyu, amma ban taɓa jin tsawonsa ba, domin da zarar kiɗan farko ya tashi, wanda aka saƙa sunan Morse a cikinsa da ƙarar wayar tangaraho, sai in ajiye littattafaina. Makon jiya na zauna da babban ɗana don mu kalli kashin farko, bai kai rabin awa ba ya ce mini labarin ba ya tafiya, ya koma kan wayarsa. Abin ya tsaya mini a rai. Shin waɗannan wasanni suna da wani ingancin da na yanzu suka rasa, ko kuwa shekarun samartakata nake kewa na jingina wa talabijin?

Malamin Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kewar ƙuruciya tana ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Abin da ya bambanta Morse shi ne an bar shi yana kuskure a gaban mai kallo. Sau da yawa yakan gina zarginsa a kan mutumin da bai aikata komai ba, ya kafe a kai har tsakiyar labari, sai Lewis ya faɗi wata 'yar magana ba da niyya ba, sannan ya gane inda ya kauce, ya rushe ginin ya sake sabo. Mai kallo yana cikin wannan wahala tare da shi, kuma tsawon lokacin da ɗanka ya ƙosa da shi, shi ne filin da aka ba mu mu yi tunani.

Akwai kuma dalili na zamani. Sai a 1984 Alec Jeffreys ya gano hanyar tantance mutum da ƙwayoyin halitta a Jami'ar Leicester, rumbun adana irin wannan bayani na ƙasa kuma bai samu ba sai a 1995. Saboda haka marubutan lokacin ba su da kwamfutar da za ta tofo musu sunan mai laifi, dole jami'in ya buga ƙofa, ya zauna a falon mutane, ya lura da wanda muryarsa ta yi rawa. Kashi 33 kacal aka yi a cikin shekara goma sha uku, kuma ina ganin wannan ƙarancin ma ya taimaka, domin ba a yi gaggawar dafa ko ɗaya ba.

Tsohon Lauya ya amsa:

Alhaji, ina tare da Malam a kan Morse, amma ina so mu yi wa kewar tamu adalci, domin John Thaw ɗin nan ya yi wata fitowa kafin nan wadda ba ta da wannan natsuwa ko kaɗan. Daga 1975 zuwa 1978 shi ne Jack Regan a The Sweeney, labarin rundunar Flying Squad ta Landan mai yaƙi da 'yan fashi da makami. Ina son wasan ƙwarai, musamman yadda aka ɗauke shi a tituna da kangwaye na gaske maimakon ɗakin ɗaukar hoto, sai dai Regan yana dukan wanda ake zargi, yana kutsa kai gidan mutane, yana raina duk wata ƙa'ida, mu kuma muna tafa masa. Da na fara aikin lauya na ga abin da ikirarin da aka tatsa da duka yake jawo wa marar laifi, sai kallon ya sauya mini ɗanɗano.

Ba ƙagen marubuta ba ne kawai. A 1977, wasan yana tsakiyar tashensa, aka ɗaure Kenneth Drury, tsohon kwamandan ainihin rundunar, saboda cin hanci. Dokar 1984 da ta tsara ikon 'yan sanda da karɓar shaida, wadda a ƙarƙashinta aka shigo da naɗar tambayoyi a kaset, ta zo ne bayan irin waɗannan abubuwan kunya. Morse ɗan bayan wannan doka ne, shi ya sa makaminsa ya zama ƙwaƙwalwa.

Maman Zainab ta amsa:

Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in ƙara wanda ba ku ambata ba. A yawancin wasannin da kuke yabo, mace ko dai gawa ce, ko matar wani, ko mai kawo shayi. A 1991 Lynda La Plante ta rubuta Prime Suspect, Helen Mirren ta fito a matsayin Jane Tennison, babbar jami'ar da aka damƙa wa binciken kisa alhali mazan da ke ƙarƙashinta suna yi mata zagon ƙasa. Abin da ba na mantawa shi ne ɗakin tambayoyi: tebur ɗaya, rikoda tana juyawa, ita da wanda ake zargi suna kallon juna, a bar shiru ya yi tsawo har mai kallo ya ji nauyinsa a ƙirji. Ba a ɓoye abin da aikin ya ci mata ba, daga zaman iyali har lafiya, zuwa kashin ƙarshe a 2006. Alhaji, idan yaron ya mallaki hankalinsa, da wannan za ka fara masa, domin tun daga farko yake kama mutum, kodayake akwai hotunan gawa masu tayar da hankali.

Ɗan Jos ya amsa:

Ku da kuke kewar abin da har yanzu ake iya kallo, kun yi sa'a. Dixon of Dock Green ya gudana a BBC daga 1955 zuwa 1976, Jack Warner yana fitowa a matsayin ɗan sandan unguwa mai sanyin hali har ya kai shekara 80, amma daga kashi 432 talatin da 'yan kai ne kawai suka tsira, saboda a lokacin ana goge kaset a sake naɗa a kai don tsadarsa. Wasu wasannin sun tsira ne ta kwafin da aka sayar wa ƙasashen waje, kuma a nan garinmu Jos aka gano kashi tara na Doctor Who da suka ɓata, a ma'ajiyar wata tashar talabijin, aka sanar a 2013. Wannan ba wasan 'yan sanda ba ne, amma tun daga ranar nake tunanin abin da ke kwance a ma'ajiyar tsofaffin tashoshinmu, har da namu wasannin na Hausa.

Baban Khalifa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Lauya ta sa na yi shiru, domin ni ma na tafa wa Regan ban taɓa tunanin wanda yake duka ba. Hajiya, zan bi shawararki mu fara da Tennison ranar Asabar, in ya jure shirun ɗakin tambayoyin, sai in mayar da shi Oxford. Kashin ƙarshe na 2000 kuwa, wanda Morse ya rasu a cikinsa, ni kaɗai zan kalla, domin John Thaw bai cika shekara biyu bayansa ba shi ma ya rasu, kuma har yau ban iya raba mutuwar biyu a zuciyata ba.