Asibiti ya ƙi karɓar mai haɗari sai an ajiye kuɗi: wa ake kai wa kuka?

Baban Khalifa, Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masana, idan aka kwaso wanda ya yi haɗari jini na zuba, asibiti ya ce sai an ajiye kuɗi ko an kawo takardar 'yan sanda, doka ta yarda? In ba ta yarda ba, ina ake kai ƙara?

Maman Ummi, Pantami:
Wa alaikumus salam. Ba ta yarda ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, asibitin gwamnati ne ko na kuɗi. Hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Ko harbin bindiga ne, dokar 2017 ta ce a fara magani, sannan asibitin ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2. Amma fa kuɗin aiki yana nan, za a biya daga baya.

Barista, Bolari:
Malam, kowane laifi da ƙofarsa. Likita: MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa. Nas ko ungozoma: NMCN, hukumar da ke kula da aikinsu. Asibitin kuɗi kuwa ma'aikatar lafiya ta jiha ce ke yi masa rajista, can za a rubuta. A asibitin tarayya, fara da ofishin SERVICOM, mai karɓar koke-koken jama'a kan ayyukan gwamnati.

Inda ƙara ke mutuwa shi ne hujja. MDCN ba ta aiki da saƙon Facebook, sai takardar rantsuwa da aka yi a kotu. A sa kwanan wata, lokacin isa, sunan likitan da ke aiki a lokacin, abin da aka faɗa, da shaidu. A haɗa da kati da duk rasit, ko na naira 500 ne. In kwamitin bincike na MDCN ya ga da ƙamshin gaskiya, sai a tura kotun ladabtarwa: gargaɗi, dakatarwa, ko soke suna daga rajista. Diyya kuma kotun ladabtarwa ba ta bayarwa, wannan sai Babbar Kotu.

Maman Ummi:
Barista, ka manta wata 3 ɗin nan.

Barista:
Gaskiyarki, Hajiya. In ma'aikacin gwamnati ne, akwai dokar da ta kare shi idan wata 3 suka wuce da faruwar abin ba a shigar da ƙara a kotu ba. Da yawa sai an gama zaman makoki da sasancin dangi, a zo lokaci ya ƙure. A ga lauya tun makon farko.