Waifai ɗina ba ya kaiwa shagon ƙofar gida, dan Allah ina mafita?

Ɗan Jahun:
Assalamu alaikum jama'a, an wuni lafiya, ya damina. Dan Allah masu sanin harkar intanet ku taimaka min da shawara. Ina wani ƙauye ne a gefen Jahun, muna da rawuta irin mai sim ɗin nan ta 4G, tana ɗakina can ƙuryar gida saboda nan ne kaɗai sabis yake kamawa sosai, jikin tagar gabas, in na kawo ta zaure sai ta koma layi ɗaya ko ma ta ɗauke gaba ɗaya. To a ƙofar gida akwai gareji da muke ajiye mashin da injin ban ruwa, na raba shi biyu na buɗe wa ƙanena shago, yana cajin waya yana kuma duba wa yara sakamakon JAMB da NECO da 'yar kwamfutarsa, amma kullum sai ya sayi data daban alhali ga tamu a cikin gida ba ma cinye ta. Tsakani zai kai mita 45, akwai katangar ƙasa biyu da rumbu da ɗakin Hajiyarmu, shi kuma shagon bulo ne rufin kwano ƙofar ƙarfe. A tsakar gida waifai yana kamawa, kana wuce zaure shikenan ya ɓace. Mu da sola muke, gida da tashi shago da tashi. Me zan saya wanda ba zan yi asarar kuɗi ba?

Mai Caji Babura:
Wa alaikumussalam. Malam ripita zaka nema kawai, in ka shiga Kano ka je Farm Centre ko Beirut Road akwai su birjik, ka maƙala ta a zaure zata ɗauko ta tura gaba. Ni ita nake amfani da ita tsakanin ɗakina da rumfar da nake caji kuma Alhamdulillah.

Mai Haɗa Sola Ringim:
Ɗan'uwa na Babura gaskiyarka a inda kake, amma ina ga taka tazarar kusa ce kuma babu katanga irin tashi. Malam Ɗan Jahun ni shawarata ka ja kebul, kar ka fara da ripita, bari in faɗa maka dalili. Ita ripita ba ƙirƙiro ƙarfi take ba, abin da ta samu shi take maimaitawa, kuma irin masu arahar nan da hanya ɗaya suke karɓa suke turawa, don haka gudun yana raguwa kusan rabi tun kafin a je ko'ina. Kai kuma ka ce a zaure ma siginal ɗin ya kusa mutuwa, to me zata ɗauko? Sannan ko ta ɗauko sai ta ratsa bulo da ƙofar ƙarfe, shi kuwa ƙarfe da kwano mayar da siginal baya suke. Katangar ƙasa ma ba wasa ba ce, tana da kauri, in ta sha ruwan damina ta fi shanye shi, shi yasa zaka ga da rani yana ɗan leƙowa waje amma yanzu a Agusta babu.

Abin da zaka saya: kebul na intanet Cat6, baƙi na waje wanda rana ba ta cinye bayanshi, ka ce a yankar maka mita 55 ko 60 saboda kwana-kwana, a matse maka kan RJ45, wato ɗan filogin da ake cusawa a rawuta, gefe biyu a gwada a gabanka. Wannan kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, kaga kai ko kusa baka kai ba. Amma ka kula wlh akwai na jabu da yawa, alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ka karɓi reza ka kankare sili ɗaya, in ka ga fari ya fito a ciki ka ajiye musu kayansu, yana saurin karyewa.

Sai rawuta ta biyu ƙarama wadda ba ta sim ba, ko tsohuwa ce ta wadatar. Ka fara duba bayan taka ta gida akwai ramin da aka rubuta LAN, in irin 'yar ƙaramar aljihun nan ce mai batir to ba ta da shi, sai mu sake magana. In akwai, kebul ya fita daga nan ya shiga LAN na ta shago. A saitin ta shagon a kashe DHCP, wato tsarin da ke raba wa wayoyi da kwamfuta lamba, a canza mata lambarta kar ta yi karo da ta gida, misali in ta gida 192.168.0.1 ce ita a ba ta 192.168.0.2. Da yawa daga na TP-Link ma suna da zaɓi a ciki da kana dannawa ta yi duk wannan da kanta. Ita kwamfutar ƙanenka ka sa mata guntun kebul kai tsaye daga rawutar, ya fi waifai tsayawa.

Akwai wani tsari da ake tura intanet ta cikin wayar wutar gida, kar wani ya sayar maka, tunda solarku daban-daban ce ba zai yi ba.

Baban Yara Gaya:
Injiniya ya gama magana, Allah ya ƙara basira. Abu ɗaya zan ƙara maka ɗana, kar ka yarda ka rataya kebul ɗin a sama daga rufi zuwa rufi don gudun wahalar tono. Mun ga wanda ya yi haka a nan, hadari ya taso da daddare aka yi tsawa, da safe ramin rawutar ya ƙone har da na kwamfuta, ba ma a gidan ta sauka ba. Ka sa yara su tona maka kamar kamu ɗaya ta gindin katanga, ka zura shi cikin fayif na roba irin na masu wayarin, ka liƙe mahaɗa da gam saboda gara da ɓera da kuma fartanyar masu gyaran tsakar gida. Kar a yi masa ƙari a tsakiya, guda ɗaya ya tafi tun daga ɗaki har shago. Kuma duk da haka in ka ga gabas ta yi baƙi ka cire kan kebul ɗin gefe biyu har ruwa ya wuce.

Ɗan Jahun:
Na gode ƙwarai Injiniya, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu akwai ramin LAN har biyu. Tambayata ta ƙarshe, ita ta shagon zata ci batir sosai ne? Batirin yaron ƙarami ne ga caji a kai. Sannan ina tsoron samarin majalisar ƙofar gida, in suka ji akwai waifai data ba zata kai sati ba.

Mai Haɗa Sola Ringim:
Ba ta da ci Malam, yawancinsu ba sa kai wat 10, kamar ƙwan sola ɗaya ko biyu. Ka karanta rubutun jikin cajarta, in 12V ce za a iya ba ta daga batir ba sai an kunna inbata ba, amma a sa 'yar na'urar daidaita wuta a tsakani don batir in yana caji da rana yana haura 14. In 9V ce kar ka haɗa kai tsaye zaka ƙona ta. Maganar samari kuma, ka ba ta shagon suna daban da lambar sirri daban da ta cikin gida, ƙanenka shi zai riƙa sa wa mutum da hannunsa, yana canzawa duk ranar kasuwa, wasu rawutocin ma ana iya rage wa baƙi gudu a ciki. Ka kafa ta sama jikin bango nesa da kwano kaɗan, kar ya sa ta cikin akwatin ƙarfen da yake kulle wayoyin mutane. In ka sayo kayan ka ɗauki hoton bayanta ka ɗora a nan in nuna maka ramin da zaka sa.