Saura wata uku fasfona ya mutu: in sabunta ko lasin tuƙi ya ishe ni?

Mai Hatsi Funtuwa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen masu yawan ƙetare iyaka.

Sana'ata hatsi ce. Ina sayen masara da dawa a Dandume da Bakori, in kai Dawanau. Fasfona na shekara biyar ne, na yi shi lokacin da zan tafi Umra, kuma tun da na dawo yake kwance a akwatin uwargida, ko ƙura ba a kaɗe masa ba. Yanzu saura wata uku wa'adinsa ya cika. Na aiki yarona shagon intanet ya dubo mini kuɗin sabuntawa, sai ya dawo da labarin da ya sa na ajiye cokali: tun 1 ga Satumba 2025, mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. Kafin wannan ƙarin 50,000 ne da 100,000.

To ni ina da lasin tuƙi mai rai. Da shi nake shiga banki, da shi na hau jirgi daga Kano zuwa Legas, shi nake miƙa wa 'yan sanda a hanyar Zariya su ce mini a sauka lafiya. Ban ga abin da fasfo ya yi mini a cikin ƙasar nan wanda lasin bai yi ba, kuma dubu ɗari a hannun ɗan kasuwa lokacin kaka ba kuɗin da za a kulle a akwati ba ne.

Abu biyu ne suka hana ni yanke hukunci. Ƙanwata tana aure a Maraɗi, biki ko rasuwa na iya tasowa. Sannan Hajiyarmu, mahaifiyata, ta matsa da zancen Umrar azumi, kuma in tafiyar ta tabbata ni zan raka ta. Ya kuka gani?

Direban Jibiya:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni hanyar Katsina zuwa Maraɗi ce abincina, bari in faɗa maka abin da idona ke gani.

Lasin ba ya nuna kai ɗan wace ƙasa ne, iya tuƙi kawai yake shaida, don ko baƙon da ke zaune a Najeriya yana iya mallakarsa. Shi ya sa da ka wuce Magama ka doshi Ɗan Isa, darajarsa ta ragu. Ni da nake riƙe da sitiyari ana tambayata shi tare da takardun mota. Fasinja kuwa ba shi ake nema a hannunsa ba.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa ai mutane na wucewa hannu rabbana. Gaskiya ne suna wucewa, amma 'yan gari ne, masu cin kasuwa su dawo da yamma, jandarman ya san su ya san iyayensu. Kai da za ka shigo da babbar riga daga Funtuwa, ka kwana a Maraɗi, lissafinka daban. Duk shingen da aka tsaya sai an sauko da wanda takardarsa ba ta cika ba, sauran fasinja suna ta tsaki a mota, kuma ba a rabuwa sai aljihu ya yi sauƙi.

Da can muna cewa mutum ya yi takardar tafiya ta ECOWAS ya huta, tunda ta fi fasfo araha. Amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar tun 29 ga Janairu 2025, kuma daga lokacin abin da za a karɓa a bakin iyaka ya zama sai ka je ka gani. Ka tuna ma an rufe iyakar bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. Hanyar ba ta da tabbas kamar da. A motata dai ban taɓa ganin an mayar da mai koren fasfo mai rai ba. Ka haɗa da katin allurar shawara, shi ma ana tambaya.

Maman Safiyya:

Alhaji barka da warhaka. Ina aiki a kamfanin jigilar masu Umra a Kano, kuma abin da zan faɗa ba zai yi maka daɗi ba: a wajen Saudiyya fasfonka ya riga ya mutu. Sai wanda ya rage masa aƙalla wata shida ake buga wa biza. Haka yake a Hajji ma, hukumar alhazai ba za ta karɓi mai wata uku ba. Saboda haka kada ka ƙirga watannin nan a cikin dukiyarka.

Duk shekara haka muke fama. Mutum zai zo ana saura kwanaki a ga watan Ramadan, ya biya kuɗin kujera da masauki, a buɗe fasfo a ga saura wata huɗu. Daga nan sai guje-guje, sai 'yan kamasho su samu nama, abin da za a biya gwamnati 100,000 ya tashi a kusan ninki saboda gaggawa. Wanda ya cike takardarsa a shafin hukumar shige da fice da wuri, ya biya ta intanet, ya je ranar da aka ba shi aka ɗauki hotonsa da zanen yatsu, bai san wannan wahalar ba.

Kafin komai ka duba abu biyu. Ka ɗauko takardar NIN ɗinka, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ka jera ta da tsohon fasfo: suna, jerin sunayen, da ranar haihuwa. Yanzu daga NIN ake ɗauko bayanan fasfo, harafi ɗaya in ya saɓa aikin tsayawa yake. Na biyu, fasfon Hajiya ita ma ka duba, don yawanci 'ya'ya suna ta lissafin nasu su manta da na tsohuwa. In za a kai ta ɗaukar yatsu, a hana ta ƙunshi makonni kafin ranar. Lalle da tsufa in suka haɗu na'urar ba ta son karanta yatsa.

Batun rakiya kuma, Saudiyya ta sassauta sharaɗin muharrami, mace na iya tafiya cikin ayari. Amma dattijuwa a cunkoson goman ƙarshe tana bukatar nata, wanda zai tura mata keke tsakanin Safa da Marwa ba tare da an yi ciniki ba.

Abba Lissafi:

Baba, ni dai ina ganin a bar shi ya mutu, ba laifi ba ne. Ba a cin tarar wanda fasfonsa ya ƙare yana gida, ba kamar lasin ba da in ya mutu kana tuƙi jami'an kiyaye haɗurra za su rubuta maka takarda. Duk ranar da ka tashi, sabuntawa ce dai za ka yi, da tsohon a hannunka. Abin da ake gudu shi ne ya ɓace, nan ne ake shiga rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu da ƙarin kuɗi.

Kuma shekarun fasfo daga ranar da aka buga shi suke fara tafiya. In ka yi yau, Umrar ba ta yiwu ba sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, ka ƙona shekara ɗaya ko biyu a akwati. Ko wanne ka ɗauka, 20,000 ne a shekara: 100,000 a biyar, 200,000 a goma. Babban bai fi araha ba ko da kwabo, sai dai ya kare ka daga wani ƙarin kuɗin da kuma sake bin layi. A cikin gida NIN ce uwa, banki da layin waya da jarrabawa duk ita suke nema. Maraɗi kuwa sau nawa ake zuwa?

Malam na Tudun Wada:

Abba, lissafinka daidai ne, amma lissafin mai lafiya ne. Ba kowace tafiya ke ba da sanarwa ba.

Yayana ciwon ƙoda ya kwantar da shi, likitoci suka ce a fita da shi Alƙahira. Kuɗi ya haɗu cikin kwanaki, 'yan'uwa sun yi ƙoƙari. Shi marar lafiyar fasfonsa na da rai. Babban ɗansa da zai yi jinya, nasa ya mutu da daɗewa, yana yawo da lasin kamar Alhaji. Ga biza da za a nema bayan fasfon ya fito. Ƙarshe wani ƙaninmu da ba shi da ƙarfin ɗaga majinyaci ne ya tafi, don kawai shi ke da takarda. Allah ya ba da sauƙi, amma jinyar ta yi wa kowa nauyi.

Ban ce kowane gida kowa ya riƙe fasfo ba, tsadar ta wuce haka. Amma a ce mutum ɗaya mai ƙarfi a jika yana da mai rai. Alhaji yana da uwa tsohuwa, yana da 'yar'uwa a ƙetare, kuma da alama shi ake kira in abu ya taso. Dubu ashirin a shekara a wajensa ba asara ba ce.

Mai Hatsi Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Safiyya, na bi shawararki na jera takardun. Na Hajiyarmu ya mutu tun bara, babu wanda ya lura. Nawa kuma a fasfo Muhammadu ne, a NIN an rubuta Mohammed, lasin ma Mohammed.

Abin da na tsayar: zan fara da nata a wannan makon, tunda ita ce mai tafiyar. Nawa zan yi ƙaramin na shekara biyar da zarar na sauke masarar da ke hanya. Abba, ka yi haƙuri, 200,000 a dunƙule ba za ta fita daga jari a kaka ba, ko da za su sake ƙarawa. To wannan saɓanin suna, ina zan fara gyara shi?

Maman Safiyya:

Ka fara yanke wanda kake so ya zauna, Alhaji. In Muhammadu ne a takardun makaranta da na filayenka, ka je ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a gyara ta tukuna, ka jira gyaran ya hau, sannan ka cike takardar fasfo. In kuwa Mohammed za ka bari tunda shi ne a lasin, to ya zama canjin bayanai a wajen hukumar shige da fice, za su nemi rantsuwar kotu, kuma ya fi sabuntawa zalla cin lokaci. Ka duba BVN ɗinka, lambar shaidarka ta banki, ka ga wanne ke ciki. Ko ma wanne ne, kada ka biya kuɗin fasfon sai sunayen sun zama ɗaya.