Jadawalin bizar Amurka ya sake fita: wanne tebur ake bi?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jadawalin wata mai kamawa ya fito. Tambayata kan F2B ce, wato rukunin 'ya'yan mai girin kad (katin zaman dindindin a Amurka) da suka kai shekara 21 ba su yi aure ba. A tebur ɗaya layi ya zo kan ranar da aka shigar da fayil ɗin, a ɗayan kuma da saura wata bakwai. Wanne ake bi? Kuma a je a yi gwajin asibiti tun yanzu ne ko a dakata?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Mai fayil ɗin yana gida ne ko yana cikin Amurka? Amsar ta danganta da wannan.

Maman Khalifa:
Tana Kano. Legas za ta yi intabiyu.

Baban Amira:
To madalla. Tebur na biyu, wanda aka rubuta Dates for Filing a kansa, izini ne kawai na fara tura takardu wa NVC, cibiyar da ke tattara takardun biza kafin intabiyu: a biya kuɗi, a cike DS-260 (fom ɗin neman biza), mai ɗaukar nauyi ya cike I-864 (fom ɗin alƙawarin ɗaukar nauyi), a ɗora takardar haihuwa da fasfo da takardar 'yan sanda. Tebur na farko, Final Action Dates, shi ne na ba da biza. Muddin layi bai zo kanta a na farkon ba, ofishin jakadanci ba shi da lambar bizar da zai ba ta, ko da takardunta sun cika tsaf. Kuma ki lura, sai ranarta ta gabaci wadda aka rubuta. Idan an rubuta 01MAR17, wanda ya shiga layi ran 28 ga Fabrairu ya samu, na ran 1 ga Maris sai ya jira.

Hajiya Uwani:
Kada a yi gwajin asibiti yanzu. Wata shida ne ƙarfinsa, kuma wa'adin bizar da za a buga yana bin ranar gwajin. Sai takardar intabiyu ta zo hannu, sannan a je asibitin da ofishin jakadancin ya amince da shi.

Ɗan Damagaram:
Wata bakwai ai kamar gobe ne, in sha Allahu kafin babbar Sallah an kira ta.

Malam Habu:
Nan ne fa mutane suke shiga ruɗani, Ɗan Damagaram. Tazarar wata bakwai a tebur ba ta nufin jiran wata bakwai. Ranar da ke cikin tebur tana iya matsawa da sati biyu kacal a wata, tana iya tsayawa cak wata huɗu, tana iya tsallake shekara guda a dare ɗaya, tana kuma iya komawa baya. Dalilin lissafi ne. Doka ta ware aƙalla biza 226,000 a shekara ga rukunonin dangi, da aƙalla 140,000 ga na aiki. A cikin na dangi, F1 (manyan 'ya'yan ɗan ƙasa marasa aure) na da 23,400, F2 (iyalin mai girin kad) na da 114,200, F3 ('ya'yan ɗan ƙasa masu aure) na da 23,400, F4 (yayye da ƙannen ɗan ƙasa) kuma 65,000. Kason F2 ɗin ma an raba shi: kashi 77 cikin 100 na F2A ne, wato mata ko miji da ƙananan yaran mai girin kad, kashi 23 kawai ya rage wa F2B. Kowane wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana duba yawan waɗanda takardunsu suka kammala a ofisoshin jakadanci da kuma hannun USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, ta kwatanta da lambobin da suka rage, sai ta ja layi a inda lambobin za su ƙare. Doka ba ta yarda a kashe fiye da kashi 27 cikin 100 na kason shekara a kowane ɗaya daga zango uku na farko ba (kowane zango wata uku ne), shi ya sa ba sa sakin hannu da yawa lokaci guda. Kamar layin niƙa ne: ba ka san yaushe za a zo kanka ba sai ka san yawan buhunan da ke gabanka.

Shekarar kuɗinsu tana farawa ran 1 ga Oktoba, ta ƙare 30 ga Satumba. Saboda haka Yuli, Agusta da Satumba su ne watannin fargaba, lokacin ne lambobi suke ƙarewa a ja layi baya ko a rubuta U, ma'ana an rufe rukunin. Oktoba kan zo da sabon kaso. C kuma na nufin babu layi, kowa ya zo.

Ɗan Damagaram:
Na ji. To mu 'yan Nijar wane layi ne namu? Ban ga sunanmu ba.

Malam Habu:
Na farko daga hagu, wanda ya ce sauran ƙasashe duka. Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, duk nan muke. Sin, Indiya, Meziko da Filifin ne aka ware wa layinsu, domin babu ƙasar da ake ba fiye da kashi 7 cikin 100 na jimillar, su kuma masu nemansu sun ninka haka. Kuma ƙasar haihuwa ake dubawa, ba fasfon da ke hannunka ba. Wanda aka haifa a Makka, Saudiyya za a lissafa masa.

Inna Rabi:
Ni abin da nake so in ja kunnen Maman Khalifa a kai ba tebur ba ne. F2B kika ce. Yarinyar nan kada ta yi aure kafin ta shiga Amurka. Ina maimaitawa, kada a ɗaura. Wannan abu ya rusa gidaje da yawa, kuma kusan kullum hanya ɗaya yake bi. Uba ko uwa mai girin kad ya cike wa 'yarsa I-130, fom ɗin da ake nema wa dangi da shi, tana da shekara 22. Shekaru suna tafiya, dangi suna matsa lamba, ga manemi ya fito, sai wani ejan mai shago a bakin titi ya ce a ɗaura kawai, ai auren masallaci ne, babu wanda ya rubuta shi, ba za su sani ba. Ranar da aka shafa fatiha, ranar fayil ɗin ya mutu, domin mai girin kad ba shi da rukunin da zai ɗauki ɗa ko 'ya mai aure. Ko auren ya mutu daga baya, fayil ɗin ba ya farfaɗowa, sai a sake sabo a koma ƙarshen layi. Aurenmu na addini aure ne a dokar ƙasa, su ma haka suke ɗaukarsa. In kuma aka ɓoye, aka je gaban jami'i aka rantse babu aure, sannan aka gano, to an wuce maganar layi, an shiga laifin yaudara, haramcinsa kuma na har abada ne. Ejan ya ci kuɗinsa ya kwana lafiya, yarinya ta yi asarar shekarun da ta jira. Abin yana min ciwo ƙwarai, domin da an tambayi wanda ya sani, jimla ɗaya ta isa.

Mafitar da ke akwai ita ce iyayen su zama 'yan ƙasa tukuna. Da zarar an rantsar da mai ɗaukar nauyi, F2B ya koma F1 da ranarsa ta asali. Daga nan in an yi aure, fayil ya koma F3, bai mutu ba, har mijin da yaran su biyo. Sai dai layin F3 ya fi tsawo da shekaru. A zauna a auna, amma aure ya biyo bayan rantsuwa, kada ya riga ta ko da kwana ɗaya.

Alhaji Ɗanjuma:
Inna, da girmamawa, ba zan ba wani shawarar ya ajiye 'yarsa shekara takwas babu aure saboda biza ba. Aure ya fi Amurka.

Inna Rabi:
Alhaji, ban ce kada a yi ba. Na ce a san abin da za a rasa kafin a yi. Wanda ya zaɓi aure da idonsa a buɗe, Allah ya sanya alheri.

Alhaji Ɗanjuma:
To a kan wannan mun daidaita.

Baban Amira:
Ƙari kan maganar Inna: in F1 ya fi F2B jinkiri a lokacin da aka rantsar da uban, doka ta yarda a rubuta wa USCIS a nemi zama a F2B. A kwatanta layukan biyu kafin a yanke. Sannan wanda ya nema wa matarsa F2A, in ya zama ɗan ƙasa, matar ta huta da jiran layi gaba ɗaya, amma yaran ba sa bin fayil ɗinta kuma, kowane yaro sai an cike masa nasa I-130. Mutane da yawa sai a ranar intabiyu suke jin wannan.

Yaya Sadiya:
Don Allah a yi bayanin yaron da ya kai 21 ana cikin jira. F4 ne, ƙanin maigida.

Malam Habu:
F4 a layinmu jiran ya haura shekara 15, don haka kusan kowane gida sai ya gamu da wannan. Dokar CSPA ta 2002, wadda ke kare irin waɗannan yara, ita ce ke aiki. A ɗauki shekarun yaron a ranar farko ta watan da layi ya zo kansu a tebur na farko, a cire tsawon lokacin da I-130 ya yi a hannun USCIS daga karɓa zuwa amincewa. Misali yaro na da shekara 23 da wata 2, fom ɗin ya yi shekara 3 kafin a amince, lissafi ya ba da 20 da wata 2, ya tsira. Ranakun biyu suna kan I-797, takardar amincewar da USCIS ta aiko. Shekarun da aka yi ana jira bayan amincewa ba a cire su. Sharaɗi biyu: ya kasance bai yi aure ba, kuma ya nemi bizar cikin shekara ɗaya da zuwan layi. Ya cike nasa DS-260 da wuri a huta.

Yaya Sadiya:
Allah ya saka da alheri. Bari in nemo takardar.

Injiniya Bello:
Ku 'yan dangi kun cika zauren, mu na aiki fa? Har 2022 mai EB-2 (rukunin masu babban digiri ko ƙwarewa ta musamman) daga Najeriya da wuya ya ga layi, kusan kullum C ce. A 2021 kason aiki ya kai 262,288, a 2022 ya kai 281,507, saboda bizar dangi da korona ta hana bayarwa an juye ta zuwa ɓangaren aiki. Da rarar ta ƙare sai layi ya bayyana, EB-2 a Disamba 2022, EB-3 (ƙwararru da sauran ma'aikata) kuma a 2023. Shawarata ga masu wannan hanya: ranar shiga layinku ita ce ranar da Ma'aikatar Ƙwadago ta karɓi PERM, takardar neman izinin ɗaukar ma'aikaci daga waje, in kuma NIW ne (EB-2 da ake yafe PERM saboda amfanin ƙasa) ko EB-1 (fitattu a fanninsu), ranar da USCIS ta karɓi I-140, fom ɗin rukunin aiki. In an amince da I-140, ranar taka ce, kana iya ɗaukarta zuwa sabon fayil ko ka sauya wurin aiki, matuƙar ba a soke na farkon saboda yaudara ko kuskure ba. Kuma mata da yara a cikin kason ake ƙirga su, gida mai mutum biyar lamba biyar yake ci.

Baban Amira:
Wanda ke cikin Amurka kuma zai cike I-485, fom ɗin neman girin kad daga cikin ƙasar, kada ya dogara da jadawalin shi kaɗai. Duk wata USCIS tana sanarwa a shafinta wane tebur za ta karɓa, kuma na dangi yana iya bambanta da na aiki a wata guda. In aka tura a watan da ba a buɗe ba, dawo da shi za su yi. In an riga an karɓa sannan layi ya koma baya, fayil yana nan, ana ci gaba da sabunta izinin aiki har lamba ta samu.

Ɗan Damagaram:
Ni dai cacar biza, wato DV, ta fi min sauƙi. Ku 'yan Najeriya an cire ku tun DV-2015, sai ku yi ta kallonmu.

Hajiya Uwani:
Kai ma ai kallon kake yi yanzu. Umarnin shugaban Amurka na Disamba 2025 ya rufe wa Nijar ƙofa gaba ɗaya, Najeriya kuma an dakatar mata da bizar zama. Chadi da Sudan tun Yuni 2025.

Maman Khalifa:
To ai wannan ne ya fi damuna. In an dakatar, mene ne amfanin tura takardu?

Malam Habu:
Abu biyu ne daban. Jadawali lissafin lambobi ne, dakatarwa kuma umarnin shugaban ƙasa ne, ba ya goge ranar shiga layin kowa. An taɓa yi wa Najeriya haka a Fabrairu 2020, aka janye ran 20 ga Janairu 2021. Abin da ke kashe fayil shi ne shiru. Sashe na 203(g) na dokar shige da fice ya ce in an sanar da kai akwai biza ka shekara ba ka motsa ba, za a rufe fayil ɗin. Akwai damar roƙon a buɗe a shekara ta biyu in ka nuna abin ya fi ƙarfinka, bayan nan an gama. Don haka a ci gaba da hulɗa da NVC, kada a bari shekara ta cika ba a tuntuɓe su ba, a kuma tabbatar imel ɗin da ke kan fayil yana aiki. A duba shafin ofishin jakadanci kafin a sayi tikitin Legas.

Inna Rabi:
Kuma imel ɗin ya zama naku, kada ya zama na mai shagon intanet. Saƙon NVC da yawa a akwatin ejan yake ruɓewa.

Maman Khalifa:
Nawa za a tanada?

Baban Amira:
A NVC dala 325 ga kowane mutum a rukunin dangi, 345 a na aiki, sai dala 120 na duba I-864 sau ɗaya ga fayil. Bayan an buga biza akwai dala 235 na USCIS don katin. Asibiti daban. Mai ɗaukar nauyi ya nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya gwargwadon yawan gidansa, in bai kai ba a nemo wanda zai tsaya tare da shi tun yanzu. A tabbatar da kuɗin a CEAC, shafin da ake biya a kansa, ranar biya.

Alhaji Ɗanjuma:
Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa za a nema. Kuma rubutun suna ya zo ɗaya da na fasfo, Muhammad a nan Mohammed a can yana jawo a mayar da takardu.

Injiniya Bello:
Wa ya san lauyan da ya iya NIW na ɓangaren lafiya? A turo min ta gefe.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai. Gobe za mu fara da fasfo, saura wata biyar ya ƙare.

Hajiya Uwani:
A sabunta shi kafin a cike DS-260, don lambar da za a saka ta zama ta sabon.