Nicholas Ambraseys da lissafin motsin ƙasa: da me ake gina hasashen?

Sani_Injiniyanci:
Assalamu alaikum. Malamai, a darasin gine-gine masu jure girgizar ƙasa ana yawan kawo lissafin Ambraseys na 1996 da na 2005. Tunda babu wanda ya san ranar da ƙasa za ta girgiza, me lissafin ke hasashe? Kuma me ya kai injiniya ga tonon tsofaffin littattafan Larabci? Allah ya ƙara basira.

Injiniya Balarabe:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Lissafin ba ya faɗin rana. Abin da yake amsawa shi ne: idan girgiza mai girma kaza ta auku a nisan kilomita kaza, da wane ƙarfi ƙasar da ke ƙarƙashin ginina za ta fizge shi? Ana auna wannan fizga da g, wato mita 9.81 a daƙiƙa cikin daƙiƙa. In an ce 0.2g, ginin zai sha turi ta gefe kamar kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, tun kafin ya ƙara da nasa lilo.

Shi Nicholas Ambraseys, an haife shi a Atina a 1929, ya rasu a Landan a Disambar 2012. Ya kammala digirin digirgir a Imperial College a 1958 a kan yadda madatsun ruwa na ƙasa ke tsayuwa lokacin girgiza, kuma a nan ya kafa sashen wannan fanni a 1968. Yakan je wurin da abin ya faru da kansa: Skopje a 1963, Dasht-e Bayaz ta Iran a 1968, Gediz ta Turkiyya a 1970.

Ga yadda ake haɗa lissafin. Da farko a tara abin da na'urorin auna fizga suka ɗauka. Lissafin 1996, wanda ya yi da Simpson da Bommer, ya tsaya a kan rikodi 422 daga girgiza 157 na Turai da maƙwabtanta. Na 2005, tare da Douglas da Sarma da Smit, rikodi 595 ne, daga girma 5 a ma'aunin girgiza zuwa sama, cikin nisan kilomita 100. Sai a tace kowane rikodi, domin tsofaffin na'urori a kan fim suke zane, kuma in layin tushe ya ɗan karkata, to idan aka juya fizgar zuwa tazara sai ta nuna ƙasa ta yi tafiyar da ba ta yi ba. Bayan haka a ba kowane rikodi abu uku: girman girgizar, nisa, da irin ƙasar da na'urar ke kai. Nisan nan ba daga cibiyar girgizar ake auna shi ba idan babba ce, domin tsagar, wato inda dutsen ƙarƙashin ƙasa ya tsage ya haifar da girgizar, na iya kai kilomita ɗari ko fiye. Ana ɗaukar mafi kusancin tazara zuwa inuwar tsagar a doron ƙasa, yadda Joyner da Boore suka tsara a 1981. Ƙasa kuwa ana raba ta da saurin igiyar girgiza a mita 30 na sama: fiye da mita 750 a daƙiƙa dutse ne, 360 zuwa 750 ƙasa mai tauri, 180 zuwa 360 mai laushi.

A ƙarshe a ja layin da ya fi dacewa da ɗigogin, a kan logaridim ɗin fizgar. Yana hawa da girma, yana sauka da nisa, ana ƙara masa wani abu idan ƙasar mai laushi ce.

Malama Hadiza:
Injiniya, Allah ya saka da alheri, amma ka tsaya a layin tsakiya, alhali inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne warwatsuwar ɗigogin, wadda ake kira sigma. A lissafin 1996 ta kai 0.25 a logaridim mai tushe goma. Ƙaramar lamba ce a ido, amma ninki 1.8 ke nan. Idan layin ya ba ka 0.20g, hawa sigma ɗaya ya kai ka kusan 0.36g, sauka ɗaya kuma 0.11g, kuma kusan rikodi 16 cikin ɗari sun wuce 0.36g ɗin ma. Wanda ya zana ginshiƙai da 0.20g kawai ya yarda cewa rabin lokaci ƙasa za ta fi shi ƙarfi. Shekaru da dama ana ƙara dubban rikodi, sigma ta ƙi raguwa yadda aka so, domin girgiza biyu masu girma ɗaya ba sa tsagewa iri ɗaya: wata tsagar ta nufo gari ne, wata ta ba shi baya.

Akwai tarko uku a cikin bayanan kansu. Tsofaffin na'urori ba sa farkawa sai fizga ta kai wani mataki, saboda haka daga nesa masu ƙarfi kaɗai aka ɗauka, sai layin ya nuna kamar girgiza ba ta mutuwa da nisa. Na biyu, girgiza ɗaya mai rikodi arba'in tana iya danne ashirin masu rikodi ɗaya ɗaya, shi ya sa ake yin lissafin hawa biyu, a fara da nisa sannan girma. Na uku, ma'aunin girma ba ɗaya ba ne. Na 1996 da Ms aka yi shi, ma'aunin da ke bin igiyar doron ƙasa, na 2005 da Mw, mai bin faɗin tsagar da zamewarta. Ka zuba lambar wani a gurbin wani, ka ɓata aikinka tun daga ƙofa.

Kuma fizga mafi ƙarfi ita kaɗai ba ta isa ba. Kowane gini yana da tsawon lilonsa, kamar daƙiƙa 0.1 ga kowane hawa. A birnin Meziko, ranar 19 ga Satumba 1985, tsagar tana nesa da fiye da kilomita 300. A kan dutse fizgar ba ta wuce 0.04g ba, amma a kan laka ta tsohon tafki ta kai kusan 0.17g, tana lilo duk daƙiƙa biyu. Benaye masu hawa 6 zuwa 15 su suka fi rushewa: da suka fara tsattsagewa sai lilonsu ya tsawaita, ya je ya dace da na lakar, gajerun gidaje na kusa da su kuwa suna tsaye. Shi ya sa lissafin ke ba da lamba daban ga kowane tsawon lilo.

Malam Tijjani:
Bari in ɗauki batun littattafan Larabci, Malam Sani, domin a ganina nan ne gudummawarsa mafi girma. Rikodin fizga na farko a duniya na Long Beach ta Amurka ne, a 1933. Bai cika shekara ɗari ba. Ita kuwa tsaga tana iya kwanciya shekara ɗari biyar ko dubu kafin ta motsa. Ka'idojin gini da yawa suna aiki da fizgar da yiwuwar a wuce ta kashi 10 ne cikin ɗari a shekara 50, wato sau ɗaya a shekara 475 ke nan. Hanyar lissafin wannan yiwuwa da injiniya Cornell ya shimfiɗa a 1968 tana buƙatar ka san sau nawa kowace tsaga ke haifar da babbar girgiza. Na'ura ba ta kai shekarun da za ta faɗa maka ba, sai marubutan tarihi.

Tun 1961 Ambraseys ya yi rubutu a kan jerin girgizar ƙasa da Imam Suyuɗi ya tattara, wannan dai Suyuɗin da muka sani ta Jalalaini. Daga baya ya yi aiki da Charles Melville a kan Farisa a 1982, da Caroline Finkel a kan takardun Daular Usmaniyya. Aikin ba kwafe ba ne. Sai an juya kwanan Hijira zuwa Miladiyya, kuma da yake shekarar Hijira ɗaya kan faɗa cikin shekara biyu, masu kwafe sun sha mayar da girgiza ɗaya biyu. Sai an gano garin da ake nufi, sai an bambance wanda ya gani da ido da wanda ya rubuta bayan ƙarni biyu. Girgizar Sham ta 20 ga Mayu 1202 misali ce: an daɗe ana jingina mata mutum fiye da miliyan ɗaya, alhali adadin ya haɗe da waɗanda yunwa da annoba suka kashe a Masar a waɗancan shekarun.

Abin da ake nema shi ne faɗin yankin da aka ji ta da inda ta yi rusau. Daga nan ake kwatanta shi da girgizar zamani da na'ura ta auna, a fitar da girmanta.

Sani_Injiniyanci:
Na gode, malamai. To za a iya ɗaukar lissafin 2005 a yi aiki da shi a Abuja ko Akkara?

Injiniya Balarabe:
Ba kai tsaye ba. Rikodinsa daga Italiya, Girka da Turkiyya suka fi fitowa, inda ɓawon ƙasa yake a farfashe yana shanye igiya da wuri. Namu tsohon dutse ne mai sanyi, igiya na tafiya nesa a cikinsa ba ta gaji ba, don haka lissafin Turai zai ba ka fizgar nesa ƙasa da yadda take, musamman mai gajeren lilo da ke taɓa ƙananan gidaje. Ana ɗauko na wurare irin namu, kamar gabashin Amurka ta Arewa, a haɗa biyu ko uku, a ba kowanne nauyinsa.

Jerin girgizar yankin kuwa, Ambraseys da Adams sun tsara na Afirka ta Yamma a 1986. Akkara ta sha a 1862, sannan ranar 22 ga Yuni 1939 ta sake sha, mutum 17 suka rasu. Arewa maso yammacin ƙasar Gini ta sha ranar 22 ga Disamba 1983, da girman da ya haura 6. Ta Mpape da ke Abuja a Satumbar 2018 ƙarama ce, kuma bayanan irinta a cibiyar binciken motsin ƙasa ta Toro a jihar Bauchi ake nema. Kafin ka zaɓi lissafi, ka auna saurin igiya a mita 30 na filinka, domin bakin fadama da kan dutse ba lamba ɗaya za su ba ka ba ko da katanga ɗaya ta raba su.