Karyata ta tayar, shi ya jefa, zomon na waye?

Mai Duna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wata magana ce ta tsaya min a wuya tun ranar Asabar, nace bari in kawo ta nan ko manya zasu warware min.

Ni da ɗan wan babana muke fita, ya girme ni da shekara 6 kuma gaskiya shi ya koya min jifa da kere tun ina yaro ina riƙe masa gorar ruwa. Duk shekara in an kawar da amfanin gona ciyawa ta bushe sai mu dinga fita mu biyu bayan sallar asuba, ba irin farautar gayya da ake cika mota ana kiɗa ba, mu dai zomo ne da kurege da gafiya, in Allah ya kawo fakara ko zabon daji shikenan. Ina da wata baƙar karya sunanta Duna, ni na raine ta tun tana 'yar kwikwiya, shi kuma yana da nasa jan kare.

Ranar tun asuba muke yawo har rana ta take bamu ga komai ba sai sawu. Can a bakin wata fadama da ta ƙafe Duna ta fara shinshina gindin sabara tana kaɗa wutsiya, tana kutsa kai sai ga zomo ya tashi, ƙato. Ta bi shi ta cikin ƙaya har na daina hango su, can ya yi kwana ya dawo ta gefen Yaya, ya sakar masa kere ya same shi a ƙafar baya, yana birgima Duna ta cafke shi. Kafin in ƙaraso ya karɓe daga bakinta ya yanka ya jefa a jakarsa. Wallahi ko uffan bai ce min ba. Abin da yafi ƙona min rai ma da ya zo farke cikin, nasa karen ya jefawa hanjin, alhali Duna na tsaye tana haki harshe a waje, ga ƙaya a dungun ƙafarta tana ɗingishi.

To a al'adar farauta zomon nan na waye? Kuma in yi masa magana ne ko in ja bakina in daina binsa kawai? Bana son abinda zai taɓa zumunci amma raina bai kwanta ba.

Tsohon Maharbi:

Wa alaikumus salam yaro. Na karanta, kuma na san irin abin da kake ji, duk wanda ya taɓa kiwon kare da hannunsa ya sani.

Kowane gari da yadda suke yi, ni dai zan faɗa maka namu. A wajenmu wanda kerensa ya fara karya dabba shi ne mai ita, amma mai karen da ya tayar yana da cinya guda, ba roƙa yake ba, haƙƙinsa ne, kuma a nan take ake cire masa ko a ce masa "ga taka cinyar, mu je gida". Kayan ciki kuwa na karen da ya yi aikin ne, wannan babu gardama a ciki ko'ina ka je. Ana bashi tun da ɗuminsa a wurin da aka yi kamun, don da haka kare yake gane abin da ake so dashi. Ka hana shi sau biyu sau uku, wata rana zai kama ya shige duhuwa ya cinye abinsa, ko ya daina sa ƙwazo gaba ɗaya. Don haka a maganar hanji yayanka bai kyauta ba.

Amma akwai inda ya yi daidai kuma ka yaba masa, da ya yi maza ya yanka bai tsaya jiranka ba. Ina saurayi na ga wasu mutum biyu sun riƙe zomo ɗaya, wannan ya kama ƙafa wannan ya kama kunne, kowa na rantsuwa nasa ne, wuƙa na ƙugun kowannensu babu wanda ya zaro, suna cikin ja-in-ja zomon ya saki jiki ya mutu a hannunsu. Karnuka aka jefawa. Suka koma gida hannu rabbana, kuma har aka yi ruwan fari basa gaisawa. A fara yanka tukuna, gardama ta biyo baya.

Mu da muka taso, maganar rabo tun a bakin gari ake gama ta kafin a kwance karnuka. Yau tarawa za a yi a raba, ko kowa da hannunsa? Magana ce ta minti 2. Ku da yake 'yan uwa ne kunya ta hana ku, kowa yana tafiya da nasa lissafin a ciki. Sannan ladubban tafiyar kansu da yawa yaran yanzu basu riƙe ba. Ana tafiya a jere ne kowa yana ganin ɗan uwansa, kada ka wuce gaba ka dinga tayar da nama kafin ya kawo. In zomo ya nufi ɓangarensa ka ɗaga murya kace "gare ka!" ka bar masa jifan, kada ka jefa ta gabansa. In kare ya matse dab da zomo a riƙe kere, karnuka nawa aka karya wa ƙafa da haƙarƙari ta haka. Kuma ba a tsawata wa karen wani balle a doke shi, in ya yi ba daidai ba mai shi zaka faɗawa. Wajen haƙar gafiya ma haka, mai tsaron ɗaya ƙofar ramin rabonsa ɗaya da mai haƙa ko da bai taɓa fartanya ba, don ba don shi ba ta bayan zata fice, kuma ana karɓar juna in mai haƙa ya gaji. Wanda ya tura ƙaramin cikinsu ya zura hannu a rami kuwa wannan ba abokin tafiya bane, kububuwa da kasa ma a rami suke fakewa.

Kada ka daina binsa a kan wannan. Ka je ka same shi a gida ku biyu, ba a majalisa ba.

Ɗalibin Zaure:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni ba mafarauci bane sosai amma bari in ɗan ƙara ta ɓangaren karatu tunda malamai basu bar wannan babin ba. A Muhtasar na Shehu Halil, cikin babin yanka, an kawo cewa abin farauta na wanda ya riga kai hannu gare shi ne ko da wani ne ya fara ganinsa, in kuma mutane suka yi jayayya alhali kowannensu yana da ikon kama shi to sai a raba tsakaninsu. Naka Mai Duna yana da ɗan sarƙaƙiya don kerensa ne ya karya shi, karyarka ce kuma ta riƙe, kowa ya sa hannu kenan, shi yasa ni dai a fahimtata raba shi ya fi kusa da adalci, amma ka tambayi malamin garinku don ya ji daga bakin ku biyun.

Abin da Baba ya faɗa na gaggawar yanka kuwa yana da tushe babba. A hadisin Adiyyu bin Hatim da ke Buhari da Muslim, ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sandar jifa, aka ce masa in ta samu dabbar da kaifinta ta huda a ci, in kuma da faɗinta ta buge ta ta mutu to kada a ci. Kere kuwa bugu yake yi ba huda ba, don haka zomon da kere ya kashe kafin a sa masa wuƙa mushe ne. Haka masu harbin kurciya da danƙo, sai an riske ta da rai an yanka. A hadisin dai an ce in ka saki karenka da bisimilla sai ka tarar da wani kare daban tare dashi a kan dabbar ta riga ta mutu baka san wanne ya kashe ba, kada ka ci, don a kan naka ka ambaci sunan Allah. Shi yasa yana cikin haƙƙin abokin tafiya ka tabbata kai ma kana bisimilla in zaka saki naka, kada ka ɓata masa nama. A duba aya ta 4 a Suratul Ma'ida, maganar horarrun dabbobin farauta tana nan.

Ɗan Gobir:

Ni ko ban yarda da yadda anka ɗora ma yayan nan laihi duka ba. Mai Duna kai da bakinka ka ce shi ya koya maka kere. Shekara nawa kana binshi yana nuna maka makwancin zomo, yana nuna maka inda zabi ka sauka shan ruwa, ka biya shi ko sisi? Mu nan in munka hita da babba shi ka riƙon jikka, komi anka samu cikinta za a sa, sai an dawo gida ya zauna ya raba, yaro baya tambaya cikin daji. To kai da kunka dawo ka bi shi har gida ko tun bakin gari ka ɗaure huska ka ja karyarka ka wuce? Ka hwaɗi gaskiya. Don wani lokaci mutum shina da niyyar ba ka, ganin huskarka ta sa ya ce to bari in gani iyakarshi. Maganar hanji ban kare shi ba, wannan kam bai yi daidai ba. Amma dan Allah zomo guda kada ya raba ka da ɗan wan ubanka.

Mai Adaka:

Nawa ɗan kaɗan ne kuma ya ɗan kauce amma yana da muhimmanci tunda ana maganar zama da abokin farauta. Duk wanda zaku fita dashi da bindiga ku lura da bakinta tun daga gida, in yana tafiya yana waiwayowa da ita a kafaɗa tana kallon cikinka to ka nemi wani abokin. Adaka ba ta da tabbas, tsallake rami ko kutsawa cikin sarƙaƙiya kunamar ta maƙale a reshe shikenan ta tashi. Fakara kuma ƙasa ƙasa take tashi daidai tsayin mutum, in baka san inda ɗan uwanka yake tsaye ba ka bar ta ta tafi, gobe ma rana ce. Ni da idona na ga an ciro wa mutum harsashi a cinya a kan tsuntsuwar da bata cika tafin hannu ba.

Sai abu na biyu da yake min ciwo, mutum ya yarda da kai ya kai ka wurin da ya daɗe yana ɓoyo, sati mai zuwa ka kwaso abokanka 5 a babura ku share wurin, wasu ma har su cinna wa ciyawa wuta don gafiya ta fito, wutar ta ci karan mutane da harawar da suka tara wa dabbobi. Wurin da aka nuna maka amana ne, in zaka koma ko zaka zo da baƙo ka tambayi wanda ya nuna maka. Kuma in abokinka yace ku leƙa Falgore ko Yankari kace masa a'a, gandun gwamnati ne an hana, in ma'aikata suka kama ku babu ruwansu da waye ya kawo shawara.

Mai Duna:

Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Allah ya ƙara girma. Ɗan Gobir maganarka ta dake ni amma gaskiya ka faɗa, tun daga bakin rijiya na raba hanya dashi, sallamar kirki ma ban yi masa ba.

Jiya bayan isha'i na je gidansa kamar yadda Baba yace, na same shi a zaure yana gyara wata igiya. Bayan mun gaisa nace Yaya dama tambaya nazo yi a kan yadda ake rabo don kada in dinga kuskure. Ya ɗan yi shiru yace ai ya ga fuskata tun ranar. Yace su yadda suka taso da babana da nasa baban, kamun farko na babba ne na biyu na ƙarami, haka suke yi, ya ɗauka na sani, ranar ne dai Allah bai kawo na biyun ba. Da na tuna baya kuma haka ne, sau da yawa na biyun ni yake miƙo wa ban taɓa lura ƙa'ida ce ba. Nace to Yaya yanzu fa dajin ba kamar da ba, gonaki sun cinye ko'ina, ranakun da muke dawowa da guda ɗaya sun fi yawa. Bai amsa nan take ba, sai can yace to daga yanzu in ɗaya ne a tsaga biyu. Da na kawo maganar hanji kuwa cewa yayi wallahi hannunsa ne ya saba da nasa karen, bai ma yi tunani ba, ya kira yaronsa yace a ɗebo wa Duna sauran tuwo da romo in tafi mata dashi.

Ban ce komai ya wanke a raina tas ba, har yanzu in na tuno tsayuwar da tayi tana kallon hanjin nan sai inji wani iri, amma mun shirya fita Asabar ta sama in ƙafarta ta warke. Na cire ƙayar na wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, sai dai wurin ya ɗan kumbura kuma bata son takawa sosai. Baba ko in ƙara mata kwana biyu in gani, ko in kai ta wajen likitan dabbobi ranar kasuwa?